Karl Jansky, mutumin da ya fara sauraren taurari

Duk mai akwatin rediyo a Tebaram ko Tawa ya san ƙarar nan da ke katse magana in hadari ya haɗo. Irin wannan ƙara ce aka sa wani saurayi Ba'amurke ya bincika, ita kuwa ta kai shi inda ba a aike shi ba.

An haifi Karl Jansky a jihar Okalahoma ran 22 ga Oktoba 1905. Da ya gama jami'a, kamfanin tarho na Bell ya ɗauke shi aiki a 1928. Kamfanin yana so ya ƙetarar da magana bisa teku ta iska, amma hayaniya tana ɓata ta. Aka ce ya nemo tushenta.

Sai ya ƙera eriya ta katako da tagulla, tsawonta wajen mita 30, ya aza ta bisa ƙafafun tsohuwar mota Ford, tana kewayawa sau ɗaya cikin minti 20. Ya rarrabe ƙara iri uku: tsawa ta kusa, tsawa ta nesa, da wani huci siriri wanda ba ya yankewa. Da fari ya zaci daga rana yake fitowa. Amma da watanni suka shuɗe, sai ya ga hucin ya rabu da rana, yana komowa bayan awa 23 da minti 56. Minti huɗun nan su suka warware al'amarin. Makiyayin Adar da ke duban Kaza da Ƴaƴanta ya san taurari kan riga lokacinsu na jiya fitowa da ɗan kaɗan; to, ratar ke nan. Ashe hucin daga tsakiyar garken taurarin da ranarmu ke cikinsa yake zuwa, wato farar hanyar nan da ke ratsa sama a daren da babu wata. Ya bayyana haka a 1933.

Ya nemi a gina masa babban faifan sauraro, ba a yarda ba, aka ba shi wani aiki. A ganinmu laifin masana taurari ya fi na kamfanin, gama su ya kamata su ruga, amma akasarinsu suka yi biris.

Rana kuwa bai taɓa jin ta ba. Ƙarfinta yana hawa da sauka wajen kowace shekara 11, shi kuma ya dace da lokacin lafawarta. Sai a 1942 James Hey na Ingila ya gane cewa ita ce ke rikita na'urorin soja masu hango jiragen sama. A 1955 aka ji Mushtari, a 1956 kuma faifan rediyo ya nuna tsananin zafin Zara, wanda yanzu aka san ya wuce digiri 450.

Jansky bai ga waɗannan na baya ba. Ya daɗe yana fama da ciwon ƙoda, ya mutu ran 14 ga Fabrairu 1950 yana da shekara 44. Ma'aunin ƙarfin sautin sama sunansa yake ɗauke da shi, haka ma manyan faya-fayai 27 na jihar Niyu Mekziko tun 2012.