Babban Gwani Muhammadu Durugu: Maginin Masallacin Juma'a na Zariya

A tarihin gine-ginen ƙasar Hausa babu maginin da sunansa ya shahara kamar Muhammadu Durugu, wanda wasu ke kira Malam Mika'ilu. Ya rayu a ƙarni na 19, bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, lokacin da sababbin sarakuna ke bukatar masallatai da fadoji da suka dace da martabar daular. Ƙwarewarsa ce ta sa aka yi masa laƙabi da Babban Gwani, har laƙabin ya danne sunansa na yanka.

Aikin da ya fi fito da shi shi ne Masallacin Juma'a na Zariya, wanda ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim (1834-1846). Kayan aikinsa ba su wuce waɗanda kowane magini ya sani ba, tun daga birnin Zariya har garuruwa irin su Kademi ta ƙasar Gaya, wato tubali da kwaɓaɓɓiyar ƙasa da azarar giginya. Bambancin yana ga yadda ya sarrafa su. Azara ba ta iya ɗaukar nauyin rufi mai faɗi, don haka sai ya riƙa jera ta daki-daki a cikin ƙasa, kowace tana ɗan zarce ta ƙarƙashinta, har bakuna suka tashi daga ginshiƙai suka haɗu a sama. A kan waɗannan bakuna ya ɗora tulluwar masallacin. Harabar ta kuma ƙunshi wuraren alwala da zauren shari'a.

Adon da ya yi wa ginshiƙan da bakunan ba shafe ba ne. Tun ƙasar tana ɗanya ake tayar da zanen ko a ƙwaƙule shi, ya zama ɓangare na jikin ginin. Irin wannan tunani ne ya ɗaukaka wani ɗan zamaninsa a Ingila, Herbert Minton (1793-1858), wanda masana'antarsa ke cusa yumɓu mai launi daban-daban a cikin tayil kafin a gasa shi, don kada zanen ya goge da takawa. Da tayil ɗinsa aka daɓe majalisar dokokin Ingila. Sai dai yumɓun Minton gasasshe ne, ƙasar Babban Gwani kuwa ɗanya ce, tana bukatar yaɓe da kulawa bayan kowace damina.

Baya ga Zariya, ana danganta masa wani soro a fadar Sarkin Bauchi da Gidan Madaki na Kafin Madaki. Labarin baka ya nuna cewa a Birnin Gwari ajali ya riske shi, inda aka ce sarkin garin ya sa aka kashe shi bayan ya kammala masa gini, don kada ya yi wa wani sarki wanda ya fi shi. Zuriyarsa ta ci gaba da sana'ar a Zariya, inda akwai unguwa mai sunansa.

A shekarun 1970 aka lulluɓe abin da ya saura na tsohon masallacin da sabon ginin siminti. Kafin wannan lokaci, wani masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan, Dmochowski, ya auna shi dalla-dalla, kuma da wannan awo aka gina kwatankwacinsa a gidan adana gine-ginen gargajiya da ke Jos.

Rayuwar Babban Gwani ta nuna cewa Bahaushe ya mallaki ilimin lissafin nauyi da na zayyana tun kafin zuwan Turawa. Ginin ƙasa kuwa yana rushewa idan aka daina kula da shi, kuma sunan magininsa kan bi shi. Malamin da ya koya wa ɗalibansa sunayen sassan soro da na maginan garinsu ya taimaka wajen tsare wannan gado.