Tunawa da Magabata: Malam Mika'ilu Babban Gwani

A fitowar bana mun ga ya dace mu waiwayi rayuwar Malam Mika'ilu na Zariya, maginin da ya yi fice har aka laƙaba masa Babban Gwani, sunan da wata unguwa a birnin Zazzau take amsawa har yau.

Ya yi zamani da Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, kuma a lokacin ne ya gina Masallacin Juma'a na Zariya. Da tubali da azara kawai ya tayar da manyan ginshiƙai, ya ɗaure su da bakan gizo, ya ɗora tulluwa a kansu. Ginin ya ƙayatar ƙwarai, har aka kwaikwaye shi a gidan tarihi na Jos. Ruwayar baka ta nuna cewa a Birnin Gwari ya yi aikinsa na ƙarshe, a can kuma ajali ya riske shi.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne yadda magina na zamaninsa suke kare gini daga damina. Sukan kwashe katsi daga gindin karofi bayan marina sun gama da shi, a shanya, a ƙona, a daka. Sai a haɗa da gashin da majema suka kankare daga fata, a kwaɓa da ruwan dafara. Wannan shi ne laso, sumuntin kakanninmu, wanda ake shafe rufin soro da shi don kada ya yi yoyo. Daga kwasfar ɗorawa kuma suke samun makuba ta yaɓen bango. Ashe sharar wata sana'a jarin wata ce.

A yau injiniyoyi sun komo kan wannan hikima. Suna sarrafa tokar kwal da kashin maƙera na masana'antun ƙarfe su zama tsakuwar haɗa kankare, domin a rage fasa duwatsu da tara juji.

Mu da muke zaune a birane muna aiko da kuɗi gida a rushe soraye a kafa bulo, alhali tsofaffin maginan garinmu suna ƙarewa ba tare da magada ba. Muna kira ga ƙungiya da ta zauna da waɗanda suka rage, a rubuta iliminsu tun suna raye.

Allah ya jiƙan Babban Gwani, ya kyauta namu zuwan, amin.