Aliyu Namangi, makahon Zazzau mai Imfiraji

An haifi Aliyu Namangi a ƙasar Zazzau a 1894, kuma tun yana ƙarami ciwo ya tafi da ganinsa. Ya yi samartaka a zamanin da sanda da ƙoƙon bara ne gadon makaho. Shi kuwa ya bi malamai. Sa'o'insa na duba allo, shi yana haddacewa da kunne.

Da haka ya tsara Waƙoƙin Imfiraji na wa'azi da yabon Annabi (SAW), aka rubuta masa, aka buga a Zariya. Abin mamaki, a bakin makafi mabarata mutane da yawa suka fara jin su. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin dakta na girmamawa. Ya rasu a 1990.