Tarihin Marigayi Dennis Ritchie

An haifi Dennis Ritchie ran 9 ga Satumba, 1941, a garin Bronxville na Jihar New York, a ƙasar Amurka. Ya yi karatun kimiyya da lissafi a Jami'ar Harvard, sa'an nan ya kama aiki a ma'aikatar bincike ta Bell Labs cikin 1967.

A shekarar 1969 shi da abokin aikinsa Ken Thompson suka soma shirya Unix, watau tsarin da ke tafiyar da ayyukan kwamfuta. Ritchie ne ya ƙago harshen C wajen 1972, kuma cikin 1973 aka sake rubuta Unix da shi. Wannan ne ya sa daga baya aka iya ɗora tsarin a kan injuna iri-iri.

A tsarin nasu, da zarar an kunna kwamfuta, akwai wata 'yar manhaja da ake kira init wadda ke fara tashi, lambarta ɗaya. Ita ce ke tayar da sauran ayyuka bi da bi, ta buɗe wa ma'aikata hanyar shiga, ta kuma riƙe duk aikin da wanda ya tayar da shi ya mutu ya bari. In ta faɗi, injin duka ya tsaya. Sun bar ta ƙarama, domin ra'ayin mutanen Bell Labs shi ne kowace manhaja ta tsaya kan aiki guda ta kyautata shi.

Da manyan kwamfutoci masu yi wa jama'a hidima suka yawaita, sai aka ga tashi bi da bi yana cin lokaci. Kamfanin Apple ya fito da launchd a 2005, sa'an nan systemd ta bayyana a 2010, tana tayar da ayyuka da yawa gaba ɗaya, tana kuma sake tayar da wanda ya faɗi. Masu goyon bayanta sun yaba saurinta, masu suka kuwa suna ganin ta tara ayyuka fiye da kima. Da ƙungiyar Debian ta zaɓe ta a 2014, sai waɗansu suka ɓalle suka kafa Devuan.

Ritchie bai ga wannan rabuwa ba. An ba shi lambar girma ta Turing tare da Thompson a 1983, ya yi ritaya a 2007, ya rasu a gidansa a Jihar New Jersey cikin Oktoba, 2011, yana da shekara 70.