Alhaji Umaru Salga, Malamin 'Ya'yan Ƙabilu Daban-daban



A wannan mako filin zai waiwayi rayuwar wani bawan Allah wanda aka haifa a Kano, amma mutanen Gana sun fi Kanawa saninsa. Wannan kuwa shi ne Alhaji Umaru ɗan Abubakar, wanda waɗansu ke kira Umaru Salga, waɗansu kuma Imam Umaru na Kete-Karaci.

An haife shi a birnin Kano wajen shekarar 1858. Asalin gidansu Kabawa ne, mahaifinsa kuma farke ne mai bin hanyar Gwanja don fataucin goro. A Kano ya yi karatun allo, sa'an nan ya shiga neman ilmi a ƙasashen Kabi da Gobir. Tun yana saurayi hazaƙarsa ta bayyana, domin a 1877, bai ko cika shekara 20 sosai ba, ya wallafa littafi da Larabci kan ƙa'idojin rubuta wasiƙa, mai suna Assarhatul Wariƙa fi Ilmil Wasiƙa. Ɗan farke ne, ya san inda ke yi wa fatake ƙaiƙayi: mutumin da ya bar iyalinsa wata da watanni, ba abin da yake bukata kamar takarda mai isar da saƙo daidai.

Daga baya ya bi sawun ayari ya zauna a Salga, babbar kasuwar goro ta ƙasar Gwanja. Wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar shanu ta Wudil ya ji yadda harsuna ke cakuɗuwa, to ya ninka wannan sau da yawa, sai ya gane Salga ta wancan zamani. Ga Hausawa da Barebari, ga Nufawa da Yarbawa, ga Wangarawa da Mosawa da Dagwamba, ga kuma Gwanjawa masu gari. Sai dai zaman bai yi tsawo ba. Yaƙin basasa ya ɓarke a 1892, garin ya watse, baƙi suka yi ta ƙaura. Wajen 1896 Malam Umaru ya koma Kete-Karaci a gefen kogin Bolta, wadda a lokacin take hannun Jamusawa masu mulkin Togo. A nan ya zama limami, bayan wata jayayya da aka yi kan limancin wadda zurfin ilminsa ya raba.

Makarantarsa ta Kete-Karaci ita ce abin dubawa. Zango ba kamar unguwar birni ba ne, inda kowa ya san kakan kowa. Yaron da ke zaune kan buzu da allonsa, mai yiwuwa uwarsa Bagwanjiya ce, na kusa da shi kuma ɗan Bazabarme ne, na bayansu an aiko shi daga wani gari mai nisan kwanaki. A gida kowa da yaren da aka yi masa rarrashi da shi. To, da me za a karantar da su? Littafi dai na Larabci ne, amma fassara da Hausa ake yi, domin ita ce harshen da zango duka ya taru a kansa. Malam zai ja baƙi, ya warware da Hausa, almajiri ya maimaita. Da haka ɗan Dagwamba yake fita da harsuna biyu bayan nasa, ya kuma fita da abokan karatu waɗanda in ba don makaranta ba, da sai dai su haɗu a fagen ciniki ko na faɗa.

Malam Umaru bai ɗauki wannan aiki da wasa ba. Har waƙoƙin Imru'ul Ƙais, mawaƙin Larabawa na zamanin jahiliyya, ya mayar da Hausa, alhali kuwa duk wanda ya karantar da lugga ya san irin gumin da baiti ɗaya daga cikinsu ke sa malami. Ya kuma yi waƙoƙi nasa na kansa da Larabci da Hausar ajami, ciki har da wadda ya yi kan talauci da wadata, da waɗanda ya yi kan zuwan Nasara, da wata kan annobar mura ta 1918. Almajiransa suka bazu, suka zama limamai da malamai a zangunan ƙasar da ake kira Gana a yau da maƙwabtanta, ba tare da kula da iyakokin da Ingilishi da Jamusawa da Faransawa suka shata ba.

Abin mamaki, cikin masu ɗaukar karatu wurinsa har da Bature. Adam Mischlich, jami'in Jamus a Kete-Karaci, ya zauna gabansa yana koyon Hausa da tarihi, shi ne kuma ya fitar da ƙamus na Hausa da Jamusanci a 1906. Saboda roƙonsa ne Malam ya rubuta bayanai masu yawa kan ƙasar Hausa, da sarautunta da sana'o'inta da al'adunta, waɗanda masana tarihi ke dogara da su. Wani zai ce, yaya mutumin da ya yi waƙar kokawa da mulkin Nasara zai karantar da ɗayansu? Amsar a fili take: ƙin mulkin mutum daban, hana shi ilmi daban, kuma Malam bai haɗa su ba.

A 1913 ya tafi aikin Hajji, bai dawo ba sai wajen 1918. A Madina ya sadu da Alfa Hashim, ya karɓi ɗariƙar Tijjaniyya a hannunsa. Ko da ya komo, Jamusawa sun tafi, Ingilishi ke riƙe da garin. Ya ci gaba da limanci da karantarwa har Allah ya karɓi ransa a 1934.

Bayan an gama madatsar ruwa ta Akosombo a 1965, tafkin Bolta ya cinye tsohon garin Kete-Karaci, aka tashi mutane zuwa sabon mazauni. Wurin da yaran nan suka riƙa zama da allunansu yana ƙarƙashin ruwa. Allah ya jiƙan Malam, ya kyautata makwancinsa, amin.