BADEN-POWELL, UBAN 'YAN SIKAWUT

Masu karatu, da wuya a sami wani a cikinku wanda bai taɓa ganin 'yan sikawut ba, samarin nan masu ɗaura ƙyalle a wuya, waɗanda su kan tsare hanya ran babban taro, su kafa tanti a bayan gari su dafa abincinsu da kansu. A wannan wata za mu ba da labarin mutumin da ya fara wannan aiki. Soja ne, ya yi shekara 34 cikin aikin yaƙi. Amma abin da a ke tunawa da shi a kai, shi ne wata gaskiya da ya gane game da yara: in ka danƙa wa yaro aiki na gaske, ka kuma amince da shi, ya kan ɗauka.

Ƙuruciyarsa

An haifi Robert Baden-Powell a birnin Landan ran 22 ga Fabrairu, 1857. Ubansa fasto ne na Ekklesiyar Ingila, kuma babban malamin lissafi a jami'ar Oxford. Yaron yana da shekara uku uban ya rasu, ya bar uwar da 'ya'ya da yawa, kuɗi kuwa ba yawa. Uwar, Henrietta, mace ce mai ƙarfin hali, ita ta riƙe gidan.

A 1870 ya shiga makarantar Charterhouse. Bai yi suna wajen karatu ba. Gwaninsa zane ne, yana iya yi da hannun dama da na hagu duka, ga shi kuma da iya wasan kwaikwayo. Bayan shekara biyu aka ƙaurar da makarantar daga birni zuwa ƙauye, kusa da wani kurmi wanda aka hana 'yan makaranta shiga. Can ya kan sulale ya tafi. Ya koyi ɗana wa zomo tarko, da hura 'yar wuta marar hayaƙi domin kada malamai su hango, da hawan itace ya yi shiru har mai nemansa ya wuce ta ƙarƙashi. In an yi hutu kuwa, yayyensa su kan tafi da shi yawo cikin ƙaramin jirgin ruwa a gaɓar tekun Ingila. Shi ne ƙarami, saboda haka girki da wankin kwanoni su ne rabonsa.

Cikin soja

Ya nemi shiga Oxford bai samu ba, amma ya ci jarrabawar soja da kyau ƙwarai. A 1876 aka aika da shi Indiya, hafsa cikin sojan doki. Abin da ya fi so cikin aikin soja shi ne leƙen hanya, wato mutum ya yi gaba shi kaɗai ko da 'yan mutane kaɗan, ya duba sawu, ya lura da ƙura da hayaƙi da tashin tsuntsaye, ya komo ya faɗa wa runduna abin da ke gabanta.

Aiki ya kai shi wurare da dama a Afirka. A 1888 yana ƙasar Zulu cikin yaƙin da aka yi da Sarki Dinuzulu. A ƙarshen 1895 ya zo Gwalkwas, wadda mu ke kira Gana yanzu, ya shugabanci mutanen ƙasa masu share hanya da gina gadoji cikin kurmi har Kumasi, inda Turawa suka kama Sarkin Asante, Prempeh, a Janairu 1896. A wannan shekara kuma aka aika da shi ƙasar Matabele, cikin Zimbabuwe ta yanzu. Can ya gamu da wani Ba'amurke, Frederick Burnham, gwanin bin sawu, ya ƙaru da shi ƙwarai cikin sanin daji.

Sai mu faɗi gaskiya, waɗannan yaƙe-yaƙe na mulkin mallaka ne, mutanen da ya yaƙa kuwa ƙasarsu su ke karewa. A Matabele ya sa aka yi wa wani shugaba mai suna Uwini shari'ar soja, aka harbe shi. Gwamnan Ingila na yankin bai ji daɗin wannan ba, har aka yi bincike. Kotun soja ta wanke shi, amma maganar ba ta mutu ba har yau.

Da ya koma Indiya a 1897 yana shugaban rundunarsa, sai ya ga samarin da a ke kawo masa sun iya fareti, amma in an bar ɗayansu shi kaɗai da dare a daji sai ya ruɗe. Ya fara raba su ƙungiya ƙungiya, 'yan kaɗan kaɗan, kowace da shugabanta, yana koya musu ta hanyar wasa da gasa. Ya rubuta musu ɗan littafi mai suna Aids to Scouting, aka buga shi a 1899.

Yaran Mafeking

Ran 13 ga Oktoba, 1899, Turawan Boer na Afirka ta Kudu, waɗanda ke yaƙi da Ingila, suka yi wa ƙaramin garin Mafeking zobe. Baden-Powell ne shugaban masu tsaron garin. Abokan gāba sun ninka mutanensa, saboda haka ya haɗa da dabara. Ya sa aka binne akwatuna cike da yashi kamar nakiyoyi ne. Ya sa sojoji su riƙa ɗaga ƙafa tsakanin sanduna kamar suna ƙetare waya mai ƙaya, alhali ba waya. Garin ya jure kwana 217, har aka kawo gudummawa ran 17 ga Mayu, 1900.

Da ya ke maza sun yi kaɗan, wani hafsa mai suna Lord Edward Cecil ya tara yaran Turawan garin, ya ba su tufafin soja, ya sa su aikin kai saƙo da wasiƙu da tsaron hasumiya. Shugabansu, Warner Goodyear, ɗan shekara 13 ne. Da fari a kan jakuna su ke zuwa aike. Da yunwa ta tsananta aka yanka jakunan, sai suka koma kan kekuna, suna ratsa gari harsashi yana faɗuwa. Baden-Powell ya lura da su, abin kuma ya zauna masa a rai.

Amma akwai wani gefen labarin Mafeking wanda aka daɗe ba a faɗi ba. Baƙar fata sun fi Turawa yawa a garin, mutanen Barolong da baƙi ma'aikata da 'yan gudun hijira. Ɗaruruwansu sun ɗauki bindiga sun tsare garin. Duk da haka ba a raba abinci daidai ba, aka kuma matsa wa baƙin su fita su ratsa tsakanin abokan gāba, da yawa kuwa suka mutu da yunwa. Tafintan kotun garin, Sol Plaatje, ya rubuta abin da ya gani kowace rana, an kuwa buga rubutunsa a 1973. Masana tarihi suna gardama kan yawan laifin da ke wuyan Baden-Powell, amma ba wanda ke musun wahalar da aka sha.

Zango a tsibiri

Ya koma Ingila a 1903 yana janar, sunansa a bakin kowa. Ya yi mamaki da ya tarar malaman makaranta da masu lura da yara suna amfani da littafin nan da ya rubuta domin sojoji. A 1904 ya je birnin Glasgow duba faretin Boys' Brigade, ƙungiyar nan da muka sani a ekklesiyoyinmu, wadda William Smith ya kafa a 1883. Ya yaba da yaran, amma ya nuna wa Smith cewa da za a ƙara musu ayyukan daji da ba su tsaya ga fareti kaɗai ba, da sun ƙaru ninki ninki. Smith kuwa ya roƙe shi ya sāke rubuta littafinsa domin yara.

Kafin ya rubuta, ya ga ya kamata ya gwada tukuna. Ran 1 ga Agusta, 1907, yana da shekara 50, ya kafa zango a tsibirin Brownsea, kudancin Ingila, da yara wajen 20. Da gangan ya gauraya su. Waɗansu 'ya'yan masu arziki ne daga manyan makarantu kamar Eton da Harrow, aka karɓi fam guda a hannunsu. Waɗansu 'yan Boys' Brigade ne na garuruwan Poole da Bournemouth, 'ya'yan ma'aikata, su kuwa sule uku da sisi suka biya. A Ingila ta wancan zamani irin waɗannan yara ba su cin abinci tare.

Ya raba su ƙungiya huɗu, ya ba su sunayen Kyarkeci, da Bijimi, da Hankaka, da wani tsuntsun bakin ruwa mai dogon baki. Kowace ƙungiya ya naɗa mata shugaba daga cikin yaran, ya ɗora masa nauyin 'yan'uwansa dare da rana. Da asuba ya kan tashe su da busar ƙahon wani naman daji dangin gwanki, wanda ya zo da shi daga Matabele. Sai a ɗaga tuta, a yi addu'a, a shiga aiki. Hanyar koyarwarsa mai sauƙi ce. Da dare a bakin wuta ya kan ba su labari a kan wani abu, kamar bin sawu ko ceton wanda ruwa ya ci. Da safe ya nuna musu yadda a ke yi. Da la'asar su yi shi cikin wasa, ƙungiya da ƙungiya suna gasa. Kowane dare kuma a kan ba ƙungiya ɗaya gari da dankali da nama da shayi, a aika da su wani gefen tsibirin su kwana su kaɗai, su dafa, su yi tsaro. Mako guda aka yi, yaran kuwa ba su ba shi kunya ba.

Yara suka nemi manya

A Janairu 1908 littafinsa Scouting for Boys ya fara fitowa, kashi shida, kowane mako biyu kashi ɗaya, kwabo huɗu huɗu. A ciki ya sa alkawarin da ɗan sikawut zai ɗauka, na yin abin da ya wajaba ga Allah da Sarki, da taimakon mutane kowane lokaci, da kiyaye dokar sikawut. Ya kuma umurci kowane yaro ya yi wa wani alheri ko da sau ɗaya a rana, ba tare da karɓar lada ba, ya zauna kuma da shiri kullum.

Nufinsa shi ne ƙungiyoyin da ke akwai su ɗauki wannan koyarwa. Amma abin ya fi ƙarfinsa. Yara suka sayi littafin, suka haɗa kansu shida shida ko bakwai bakwai, suka sari sanduna, sa'an nan suka shiga ƙwanƙwasa ƙofofin manya suna neman wanda zai shugabance su. Malamin makaranta, da mai kanti, da fasto, da akawu, suka yarda, ba albashi. Ekklesiyoyi da makarantu suka ba da ɗakunan taro. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Janar ɗaya ya rubuta littafi, amma waɗannan masu aikin sa kai su ne suka ɗauki jinkar.

A 1909 'yan sikawut wajen 11,000 suka taru a Crystal Palace, Landan. A cikinsu sai ga 'yan mata sun zo da nasu sanduna, su ma suna so. Saboda haka a 1910 aka kafa ƙungiyar 'yan mata, ƙanwarsa Agnes ta shugabance ta. A wannan shekara ya bar aikin soja domin ya ba da ƙarfinsa duka ga yara. A 1912 ya auri Olave Soames, suka haifi 'ya'ya uku, ita kuwa daga baya ta zama shugabar 'yan matan a duniya duka. Aikin ya ƙetare teku zuwa Chile da Amurka da sauran ƙasashe, ya iso Nijeriya a 1915.

Ya gane cewa runduna ba ta wuce shugabanta. A 1919 wani attajiri, William Maclaren, ya sayi filin Gilwell kusa da Landan ya ba su, aka mai da shi wurin horar da shugabanni. Can manya su kan zauna cikin tanti, a raba su ƙungiya ƙungiya kamar yara, su dafa abincinsu, domin su ɗanɗana abin da za su koyar. Waɗanda suka fara gamawa ya ba su 'yan ƙwayoyin itace daga wata doguwar sarƙar wuya da ya samo a ƙasar Zulu, wadda aka ce ta Dinuzulu ce. Har yau shugaban da ya gama wannan horo ya kan rataya irinsu.

Kwanakinsa na ƙarshe

Babban Yaƙin Duniya na 1914 zuwa 1918 ya cinye samari da yawa waɗanda suka taɓa zama 'yan sikawut. Bayansa tsohon sojan ya mai da hankalinsa ga zumunci tsakanin al'ummai. A 1920 aka yi taron sikawut na duniya na fari a Landan, yara 8,000 daga ƙasashe 34, suka naɗa shi Shugaban Sikawut na Duniya. A taron 1929 kusa da Birkenhead ya binne gatari a gaban jama'a, alamar binne gāba, a shekarar kuma Sarkin Ingila ya ba shi sarautar Lord. A 1937, yana da shekara 80, ya yi ban kwana da yaran a taron ƙasar Holan.

A 1938 shi da matarsa suka koma Nyeri a ƙasar Kenya, cikin wani ƙaramin gida mai duban dutsen Kenya. Can ya rasu ran 8 ga Janairu, 1941, duniya tana cikin wani yaƙin kuma. A kan dutsen kabarinsa an zana da'ira da ɗigo a tsakiya. Wannan ita ce alamar da ɗan sikawut ya kan bari a hanya domin na baya su san ya tafi gida. Yanzu 'yan sikawut na duniya sun wuce miliyan 50.

'Yan'uwa, Baden-Powell mutum ne mai kurakurai, ba mu kuwa ɓoye su ba. Amma abin da ya gani a Brownsea yana nan a garuruwanmu. Samari suna nan, ƙarfi cike da jikinsu, in ba su sami mai kai su daji ya koya musu ƙulli da taimakon wanda ya ji rauni ba, za su sami mai kai su wani wuri dabam. Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi. Ba a bukatar janar ko mai kuɗi. Ana bukatar mutum mai amana wanda zai ba da yamma ɗaya a mako, da 'yan kwanaki da rani domin zango. Idan yaran unguwarku suka ƙwanƙwasa ƙofarka, malam, ka buɗe musu.