Marigayi Chari Maigumeri, Namijin Duniya

Jama'a, duk wanda ya san Lakwaja ya san barikin Chari Maigumeri. To, wane ne shi?

Mutumin Barno ne. Ya fara soja wajen Jamusawa a Kamaru, suka ba shi lambar Iron Cross saboda jarumtarsa a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ingilishi suka kama shi. A 1917 ya shiga rundunarsu, har ya zama Samanjan bataliya guda. A Yaƙi na Biyu ya sami lambar Military Medal a fagen Habasha, ya kuma je Bama. Ya yi ritaya a 1953 da muƙamin Kyaftin na girmamawa.

Ka ji maza: abokan gaba biyu, kowanne ya sara masa. Allah ya jiƙansa, amin.